Bugu Biyar na Sandar Mushe

Jiya da hantsi jikata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da takarda, ta ajiye mini a kan tabarma. Yarinya ce marar yawan magana, shi ya sa nake tsokanarta da cewa na yi asarar sadaki, amaryar tawa ido gare ta ba baki. Na ɗauko tabarau na karanta. Wai an gwada su, an gano kowane yaro da ƙofar da ilimi ke shiga kansa, wani ta ido, wani ta kunne, wani kuwa sai ta hannu. Ita an sa ta cikin masu hannu, har da shawarar kada a wahalar da ita da lissafi mai zurfi, a nema mata ɗinki. Takarda ce fara tas, da hatimi da sa hannu. Na ninke ta. Na san wannan magana tun ba a haifi uban wanda ya rubuta ta ba, riga kawai aka sake mata.

Sa'ad da muke yara Matameye ba ta kai rabin rabin haka ba. Ba ƙugin mota, ba rediyo, ba wannan ƙarar injin niƙa da ke hana mutum jin sallamar baƙo. In gari ya waye abin da kunne ke fara ji shi ne daka, gida yana amsa wa gida, sai kukan guga a bakin rijiya, sai jakai masu ɗauko rake daga garka, wato lambu. Mu gidanmu gidan saƙa ne, saboda haka namu sautin shi ne na ƙoshiya, tana kai tana komo a hannun Baba daga hantsi har la'asar. Aikinmu mu yara shi ne yankan ciyawar akuya, kore awakin mutane daga garka, da riƙe zare in za a yi wadari, wato ja da jera dogayen zaruruwa kafin a ɗora su a masaƙa. Wadari aiki ne na ƙirga. Ka ɓata zare ɗaya, ƙyallen duka zai fito da tabo, kuma kunnenka ne zai biya.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna, ni da Yaya. Yaya shi ne ɗan fari, kuma yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan kalma ba. Yau sai ka ga yarinya ta saɓa ɗanta na fari tana kiran sunansa da ƙarfi tsakiyar kasuwa, tana sumbatarsa, ba wanda ya ɗaga kai. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Inna in za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan", tana duban bango. Baba ma haka, in yana da saƙo sai ya ce da ni, "Faɗa wa wancan ya kawo zare," alhali wancan ɗin yana tsaye taku biyu daga gare shi. Ba ƙiyayya ba ce, ladabi ne, haka suka tarar. Ana yaye shi aka kai shi wurin Kaka, mahaifin Baba, tsoho mai tsananin horo. Kaka ya koya masa cewa in babba ya yi maka magana ka durƙusa, ka sa ido a ƙasa, ka bar maganar ta huce kafin ka taɓa ta. Yaron da ke amsawa da sauri, in ji Kaka, kunnensa ne a bakinsa. Yaya ya sha wannan horo har ya zame masa ƙashin jiki. Da Kaka ya rasu aka dawo da shi gidanmu, dogon yaro mai shiru, cikin mutanen da al'ada ta hana su tambayarsa ko yaya ya kwana.

To ina za a san abin da ke kansa? Maƙwabta suka fara, gida ya ɗauka: dolo ne. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ma ta duba goshinsa ta ce ƙanƙane ne, ba wurin da hankali zai zauna. Ni kuwa, da ba na iya rufe baki ko da tuwo a ciki, aka ce kai ne da ni. Ban taɓa ganin Yaya ya ɓata ƙirgar wadari ba, ko zare ɗari nawa ne, da kallo ɗaya yake cewa saura kaza. Amma ba wanda ya kira wannan hankali. An ce hannunsa ne ya saba.

Wata shekara bayan girbi aka ce Nasara ya buɗe lakwal, kowace unguwa ta ba da yara. Ranar gari ya yi kamar an yi mutuwa. Aka ɓoye yara a rumbu, aka tura wasu ƙauye, masu hali suka miƙa 'ya'yan barorinsu. Wanda ba shi da yadda zai yi sai ya zaɓi ɗan da yake ganin in an rasa shi ba a yi babbar asara ba. Da dogari ya tsaya a ƙofarmu, Baba bai ɗago daga masaƙa ba, ya nuna Yaya da haɓa. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma na leƙo daga bayan danga na ce wa dogarin rawaninsa ya karkace. Ya yi dariya, ya ce, "Wannan mai bakin ma ya taho." Haka bakina ya sa Baba ya ba da biyu a wurin ɗaya.

Lakwal ɗin rumfar zana ce, da rijiya a gefe da garka a baya. Malamin, wanda ake kira Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal da harshen Nasara, baƙar fata ne daga can ƙasashen bakin teku, Hausarsa a karye, rigarsa kullum a guge. Ba mugu ba ne, kuma na daɗe ina so ya zama mugu, da abin ya fi mini sauƙi. Mutum ne da ya karanta a littafin Nasara cewa kawunan yara iri-iri ne tun daga haihuwa, akwai na karatu, akwai na aikin hannu, kuma gwanin malami yana rarrabe su a rana ɗaya. Ya gaskata wannan kamar yadda muka gaskata tashin kiyama. Ranar farko ya jera mu, yana riƙe da 'yar sandar awo. Zai yi maka tambaya, sa'an nan ya bugi tebur sau biyar, ƙwas, ƙwas. In ka dube shi ka amsa kafin bugu na biyar, gaba. In ba haka ba, baya.

Ya zo kaina ya ce, "Akuya uku, ƙafa nawa?"

Na ce, "Goma sha biyu, in ba gurguwa a ciki."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya zaunar da ni a gaban gaba. Ya matsa wurin Yaya ya ce, "Kai, dogo. Jaki biyar, kunne nawa?"

Yaya ya durƙusa, ya sa ido a ƙasa. Sanda ta fara sauka. Ina kallon leɓensa, na ga amsar tana nan a kai, yana jira maganar babba ta huce. Bugu na biyar ya sauka kafin ta huce. Mushe ya girgiza kai ya ce, "Mai hannu." Da na waiwaya na duba waɗanda aka tara a baya, sai na ga duk 'ya'yan gidajen da aka sani da horo ne. Mu da ke gaba kuwa, in gaskiya za a faɗa, marasa kunyar gari ne aka tsince.

Masu hannu ba a ba su allo ba. Garka aka ba su, da guga, da kwaɓar ƙasa don ginin aji. Mu muna ciki muna rera baƙaƙen Nasara, su suna waje suna ban ruwa. Sai dai zana ba bango ba ce. Yaya yana jan guga yana ji, yana leƙen allon Mushe ta ƙofofin zana. Ni kuwa da aka ce kai ne da ni, kan nawa kamar rariya yake, abin da aka zuba da safe kafin azahar ya tsiyaye. Da la'asar in mun tafi yankan ciyawa sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini da tsinke. A can, inda ba babba, bakinsa yakan buɗe, murya ce mai taushi, ba ya gaggawa. Yakan ce, "Kada ka ƙirga ɗaya ɗaya, ƙanena. Ɗaure su dami dami kamar zare, sa'an nan ka ƙirga damman." Gobe in je in faɗa, Mushe ya buga ƙirji ya ce wa sauran su dubi abin da ake kira kai. Damina uku muka yi a haka, ina cin yabo da guminsa, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Sai aka ce babban Nasara mai duba makarantu zai zo daga Damagaram. Kowa ya san abin da zuwan nan ke nufi. Za a zaɓi waɗanda za su wuce babbar lakwal ta Damagaram, a sallami masu hannu da suka girma. Sallama kuwa ba komawa gida ba ce. Sunan da ya shiga takardar Nasara ba ya fita, daga lakwal bariki ake kai shi, kuma daga cikin sunayen nan ake ɗibar masu aikin dole na fasa dutse da yin hanya. Mun ga waɗanda suka dawo daga can, mun kuma san gidajen da har yau suke jira. Yaya a lokacin ya fi Baba tsawo.

Ana gobe zai zo, muna wurin ciyawa, na ce, "Yaya, don Allah in ya tambaye ka ka ɗaga kai. Ka dube shi kawai ka faɗa."

Ya dubi laujen hannunsa, ya ce, "Ina gwadawa, ƙanena. Wuyan ne ba ya ɗaguwa."

Nasaran ya zo da hantsi a kan doki, ja wur, yana share gumi. Masu hannu ya fara dubawa. Bai tambaye su komai ba, damatsansu ya latsa, ya buɗe bakin wani ya duba haƙora, ya wuce, aka mai da su bakin rijiya. Sa'an nan ya shigo rumfa ya rubuta lissafi a allo: garka mai layi goma sha bakwai, kowane layi da shuka ashirin da uku, shuka nawa ke nan? Gumi ya keto wa Mushe, ya zuba mini ido. Ni kuwa kaina ya zama fanko. Na karkata ido wajen zana, ta wata 'yar kafa da na saba leƙawa. Yaya yana tsugune a bakin rijiya, guga a gefensa, ya rubuta da yatsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, manya manya don in gani: uku, tara, ɗaya.

Na miƙe na dubi Nasara cikin ido na faɗa da harshensa, ɗari uku da casa'in da ɗaya. Ya yi murmushi, ya dafa kaina, ya juya shi hagu da dama kamar mai sayen kabewa, yana nuna wa Mushe faɗin goshina. Sa'an nan ya yi wata tambaya, Mushe ya maimaita mini da Hausa don kada in kuskure: "Yana cewa, wa ya koya maka wannan dabara?"

Ba wanda ya bugi tebur. Ina da lokaci, duk lokacin duniya ina da shi. Da na ɗaga hannu na nuna zana, da an kira shi, da ko a ƙasa ya rubuta musu. Amma na ga idon Mushe yana roƙona, don in gaskiya ta fito rabon yaran da ya yi shekara uku ya zama ƙarya a gaban ubangidansa. Na kuma ji hannun nan a kaina, na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Ni da ban taɓa barin magana ta huce ba, ranar ma ban bari ba. Na ce, "Mushe ne."

A hanyar gida ban iya kallonsa ba. Shi ya fara magana, ya ce, "Daidai ka faɗi lissafin." Muka yi 'yar tafiya, ya ƙara da cewa, "Can Damagaram ba zana, ƙanena. Ka riƙa ɗaure su dami dami." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da ya mare ni da ya fi.

Ba a yi wata biyu ba aka zo ɗibar masu aikin dole. Da safe ne, Inna tana daka. Yaya ya zo ya durƙusa a bayanta don sallama, ta ci gaba da daka ba ta waiwayo ba, don uwa ba ta nuna damuwa kan ɗan fari. Amma ni da na san dakanta tun ina goye, na ji taɓaryar tana sauka ba a kan ƙa'ida ba, tana bugun bakin turmi. Baba ya ce da ni, "Faɗa wa wancan Allah ya kiyaye hanya." Bayan sun fita na ji yana ce wa maƙwabcinmu, da sauƙi tunda mai ƙarfin aka ɗauka aka bar mai kan.

Na dawo hutu bayan damina biyu, ina zaune kusa da masaƙa, wani mutumin Kurni ya yi sallama, ramamme kamar kara. Ya ajiye hular Yaya a gaban Baba, ya ce ciwon ciki ne, sun binne shi a gefen hanyar da suke yi. Aka yi salati. Mutumin bai tashi ba, ya ce, "Malam, a ina ɗanka ya yi karatun Nasara haka? Shi ke karanta mana takardar mai gadinmu, shi ke ƙirga mana kwanaki da ƙullin zare. Duk sansanin Malam muke ce masa."

Baba ya ce, "Ka yi kuskuren gida, bawan Allah. Nawa dolo ne. Mai karatun ga shi nan zaune."

Mutumin ya ce, "Hular dai tasa ce."

Baba ya juyo ya dube ni. A nan na faɗa, duka, da ciyawa da zana da uku, tara, ɗaya, sa'ad da faɗin ba shi da sauran amfani. Bai zage ni ba. Ya ɗauki ƙoshiya ya riƙe, ya daɗe bai jefa ta ba. Daga ranar har ya bar duniya, in yana da saƙo gare ni sai ya aiko wani.

Kada mai karatu ya zaci na yi hankali daga nan. Na gama karatu, na zama Mushe ni ma, kuma na riƙe sanda na bugi tebur shekaru da yawa, don haka aka koya mini, kuma rarraba yara ya fi koyar da su sauƙi. A hankali aikin da kansa ya kunyata ni. Na ga na gaba da suka ƙare ba su iya rubuta wasiƙa ba, na ga na baya da suka tashi bayan kowa ya fid da rai. Ban taɓa ganin yaro mai ƙofa ɗaya ba. Wanda zai koyi saƙa da ido da kunne da hannu yake koyonta, haka lissafi, haka karatu. Abin da na gani shi ne, ran da ka ce yaro mai hannu ne sai ka karɓe allon ka ba shi guga, bayan shekara uku ka gwada shi ka tarar bai iya karatu ba, ka ce ai dama na faɗa. Tsohuwa mai daddawa ta auna da goshi, Mushe ya auna da sanda, na yanzu suna aunawa da takarda mai hatimi. Ba na ce yara duka ɗaya ne ba, wani yana da sauri wani yana da nawa, wani yunwa ce ke kansa, wani tsoro. Amma saurin baki na san shi ciki da waje, shi ya kai ni Damagaram, kuma na san abin da ke ƙarƙashinsa.

Inna ta tsufa ƙwarai kafin ta rasu. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da azahar ina yi mata fifita, ta ce, "Kai da kuke zuwa ciyawa da yaron nan, an ce yana yi maka magana." Na ce yana yi, Inna. Ta juya fuska wajen bango kamar yadda ta saba, ta ce, "Yaya muryarsa take?" Na buɗe baki in kwatanta mata, ni mai bakin da aka yi ta yabo, na rasa abin faɗa.

Shi ya sa jiya na tura takardar ƙarƙashin tabarma, na kira jikata na ce, "Zo nan, amarya marar baki." Na share ƙasa da tafin hannu, na ce garka ce mai layi goma sha bakwai, kowane layi da shuka ashirin da uku. Ta durƙusa, ta sa ido a ƙasa. Ban so ba, amma cikin kaina sanda ta fara sauka, ƙwas, ƙwas, har biyar. Na danne hannuna a ƙarƙashin cinya, na yi shiru. Kaza ta wuce, injin niƙa ya tsaya ya sake tashi, uwarta ta leƙo za ta yi magana na ɗaga mata hannu. Can sai yarinyar ta miƙa yatsa, a hankali, ta rubuta uku, tara, ɗaya.

Ta ɗago ta ce, "Kaka, ban yi daidai ba ne? Me ya sa kake kuka?"

Na ce daidai ne. Na ƙirga a zuci tun daga farko, bugu arba'in ne da 'yan kai. Iyakar abin da Yaya yake bukata ke nan, kuma duk Matameye ba a samu mai jiransa ba.